Sulallan da Wapa Ta Ƙi Karɓa

Sallau ya ƙirga takardun, ya lashi yatsa ya sake ƙirgawa,
sulallan kuwa ya turo mini su da bayan hannu:
“Malam, Wapa ba ta cin ƙarfe. Kai wa jikoki.”
Na zuba su a aljihu, na tsallaka titin Fagge,
suna ta kacau-kacau a gefen cinyata
kamar masu gulma.

Bakwai ne. Ga su yanzu a kan tabarma.
An ɗauke wuta, fanka ta yi gum,
Gyaɗi-Gyaɗi sai gumi take.

Wannan babban, mai farin baki,
canjin tikiti ne na ran Laraba,
na ɗan jirgin nan ruwan ɗorawa mai bin tsakiyar titi,
yana hawan tudun Lisbon da nishi da ƙugi.
Kubura ta ce, “Adaidaita sahu ce ta ci ta ƙoshi.”
Muka yi dariya har wata tsohuwa ta waiwayo.
Gari ne da aka ɗora Dala a kan Gwauron Dutse,
sannan aka ce wa mai ciwon gwiwa: bismilla.

Ƙananan nan jajaye, daga hannun mai kifi suke.
Alhamis kilishinmu ya ƙare, yajin ma ya bi shi,
muka miƙa wuya ga gasasshen kifin gari, gishiri zalla.
Na ci huɗu. Ta ci ɗaya ta ce ƙarni,
ta miƙo hannu ta ɗauke na biyar.
Rana kuma ta ƙi faɗuwa.
Tara saura kwata, Magariba ba labari,
ina duba agogo, ina duba sama
kamar wanda ya zo karɓar bashi.

Wannan, mai ɗan tabo,
na ware shi ne don akwatin masallaci ran Juma’a.
Wani dattijo ɗan Bisau ya matsa mini a sahu,
ba ya Hausa, ba na yarensa,
muka idar, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.
Na fito ina jin daɗi, sulen yana aljihu.

Daren nan muka yi faɗa a kan akwati.
Kilo ashirin da uku, ma’auni ba ya jin roƙo.
Turaren Yaya Gambo, takalman Ummita,
farantin bango mai shuɗin da ya tuna mata Ƙofar Mata,
ta cire rigar sanyina
ta cusa gwangwanayen kifin nan da ta ce ƙarni.
Na yi magana. Ta ɗauki mayafi ta fice.

A bakin kogi na same ta,
kogin da faɗinsa ya sa ya manta shi kogi ne.
Waya ta mutu tun la’asar, don haka babu hoto.
Duk hotuna ɗari uku da muka dawo da su,
babu wannan a ciki:
iska mai gishiri, fitilun gada, ƙafarta a waje da takalmi.
Ta ce, “Shekara talatin da ɗaya,
ban taɓa ganinka ba ka sauri ba sai a garin nan.”
Ban sami amsa ba. Na zauna.
Jirgin ruwa ya wuce, wani ya biyo bayansa,
ban tambayi ƙarfe nawa ba.

Ga wuta an kawo. Yaran layi sun ɗauki ihu.
Kubura ta shigo da kofin kunu,
ta tsuguna da kyar, ta tona sulallan da yatsa,
ta zaro mai tabon.
“Ba wannan ne na masallaci ba?”
Na ce shi ne.
“To, alkawari kaya ne. Sai an koma an jefa.”
Na ce, “Da wace gwiwa?”
Ta ɗaure shi a bakin zane.
“Da taka.”